Yadda aka cire mini turmi ina kan maganin tsinka jini

Turmin haƙorina na ƙasa ta ɓangaren dama ya daɗe da yin kogo. Na yi ta lallaɓa shi da kanumfari da farasitamol, ina tauna ta hagu, har ranar da gefensa ya ɓalle ina cikin cin tuwo. Daga nan barci ya ƙaurace mini. Da wani ne, sai ya je a cire a wuce wurin. Ni kuwa shekara da shekaru ke nan ina shan warfarin kowane dare, kuma duk mai shan wannan magani ya san ko wurin aski reza ta ɗan shafe shi, sai ya jima yana danne wurin kafin jini ya tsaya.

Abin da ya haɗa ni da maganin tsohon zance ne. Likitoci sun ce ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya, irin wanda ake shan jiƙo a manta da shi, ya koma ya taɓa ƙofar da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciyata. Ƙofar ta tsuke, daga baya bugun zuciyar ya rikice. Idan zuciya ba ta bugawa a kan tsari, jini yakan kwanta a wani lungu nata ya yi guda, in kuwa gudan ya ɓalle ya bi jijiya, ƙwaƙwalwa ce ke karɓar baƙon. Shanyewar ɓarin jiki ke nan. Aikin warfarin shi ne ya tare wa hanta hanyar amfani da bitamin K, wanda da shi take haɗa wasu sinadarai huɗu da jini ke buƙata kafin ya daskare. Jinin mai shansa yana daskarewa, sai dai a makare.

Da na kai maganar majalisarmu ta bayan la'asar, shawara ta zo iri ɗaya daga kowane baki: ka ajiye maganin kwana uku ko huɗu, jini ya yi kauri, a cire, sannan ka koma. Wani abokina da ba ya rabo da tsokana ya ce ai dama maganin ɓera nake sha, hutun kwana huɗu ba zai kashe ni ba. A kan ɓera dai gaskiyarsa. Asalin maganin daga shanun manoman Amurka da Kanada ne, waɗanda a shekarun 1920 suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci harawar da ta yi fumfuna. Masana a Jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin da ke jawo haka, aka fara sayar da warfarin a matsayin gubar ɓera a 1948, sai a 1954 aka amince a ba mutane. A kan hutun kwana huɗu kuwa ba shi da gaskiya, ko da yake su kansu likitoci a da haka suke cewa a yi.

Kafin in doshi wurin masu haƙori, sai da na fara zuwa wajen likitan zuciyata ranar da yake ganin marasa lafiya. Ban gama kawo shawarar 'yan majalisa ba ya ajiye biro.

"Malam, kada ka kuskura ka tsallake ko dare ɗaya. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Jinin ramin haƙori a waje yake, ana ganinsa, ana danne shi, ana ɗinke shi. Gudan da ya tafi ƙwaƙwalwa wa zai sa hannu ya danne?"

Ya ƙara da abin da ban taɓa lura da shi ba. Warfarin ba ya barin jiki ranar da aka daina shi, kuma ba ya kama aiki ranar da aka koma. Kowanne sai ya ɗauki kwanaki. Ashe hutun kwana huɗu a baki ne kawai yake kwana huɗu. Tsakanin saukar maganin da sake hawansa, mutum zai iya yin mako ko fiye ba shi da cikakkiyar kariya. Ya rubuta mini 'yar takarda zuwa ga likitan haƙori, da sunan ciwona, da yawan maganin da nake sha, da ma'aunin da ake so jinina ya tsaya a kai, ya ce in yi gwajin INR ana gobe za a cire.

Wanda bai san INR ba, gwaji ne da ke nuna tsawon lokacin da jininka ke ɗauka kafin ya daskare idan aka gwada da na wanda ba ya shan magani. Na lafiyayye yana kusa da 1. Irina ana so ya zauna tsakanin 2 da 3. Waɗanda aka sa wa ƙofar ƙarfe a zuciya sau da yawa ana ɗaga nasu zuwa tsakanin 2.5 da 3.5. Ƙa'idar da likitocin haƙori da yawa ke bi, wadda hukumar da ke tsara musu aiki a Sikotlan ta rubuta a 2015 ta sabunta a 2022, ita ce a yi gwajin cikin awa 24 kafin aiki, ko cikin awa 72 ga wanda ma'auninsa ba ya yawan hawa da sauka. In ya fito ƙasa da 4, a cire haƙori ba tare da taɓa maganin ba. In ya kai 4 ko ya wuce, a ɗaga aikin a koma wajen mai kula da maganin. Nawa ya fito 2.6.

An ba ni safiyar Talata, kuma da gangan ne. Mai shan irin wannan magani ana yi masa aiki da sassafe, a farkon mako, domin in jini zai yi gardama ya yi ta asibiti na buɗe, ba daren Juma'a ba da kowa ya watse.

A kan bencin jira na zauna kusa da wata Hajiya da ta girme ni nesa, ta ɗaure muƙamuƙinta da ɗankwali. Hira ta kai mu ga magunguna, sai ta ce ita ƙaramin asfirin take sha tun da aka ce jijiyar zuciyarta ta toshe, amma ta ajiye shi mako guda saboda yau. Ba wanda ya sa ta, 'yarta ce ta ji ana faɗa. Da aka kira ta, ina jiyo muryar sista daga ciki tana cewa, "Haba Hajiya, wa ya ce ki daina?" Asfirin da clopidogrel hanyarsu daban da ta warfarin, su ƙananan ƙwayoyin jinin da ke fara toshe rauni suke hana mannewa, kuma ba a dakatar da su don cire haƙori ɗaya ko biyu. Akwai kuma sababbin magunguna irin su rivaroxaban da apixaban, waɗanda ba a yi musu INR. Su a ƙaramin aiki ba a taɓa su, in aikin babba ne likita kan ce a jinkirta ko a tsallake na safiyar ranar kawai. Na taɓa roƙon a mayar da ni kansu don in huta da layin gwaji, likita ya ƙi. Wani babban bincike mai suna INVICTUS da aka fitar a 2022, a kan mutum fiye da 4,500 masu irin ciwona a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, ya nuna waɗanda aka bari a kan tsohon maganin sun fi tsira da rai a kan waɗanda aka ba rivaroxaban. To, ni da layin gwaji mutu ka raba.

Likitar haƙorin da ta gan ni ba za ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Ta karanta takardar likitan zuciya, ta duba sakamakon gwaji da kwanan watan da ke jikinsa, sannan ta shiga tambaya. Ko ina da ciwon hanta ko na ƙoda? Ko ina yawan haɓo? Ko na ga jini a fitsari? Ko akwai wani magani da na sha a makon nan, har da na gargajiya? Ta auna hawan jini, ta ce in ya yi sama shi ma yana hana rami tsayawa. Ta duba hoton haƙorin ta nuna mini saiwoyinsa biyu, ɗaya ta ɗan lanƙwashe. Akwai wani turmin a sama da shi ma ya fara lalacewa, na ce tunda an zo a haɗa su a huta.

"A'a Baba, ɗaya za mu yi yau. Mu ga yadda jininka zai yi da wannan tukuna."

Allurar kashe wuri ta yi mini a hankali, tana ɗan ja da baya kafin ta tura don ta tabbata ba cikin jijiyar jini bakin allurar ya shiga ba. Ruwan allurar yana haɗe da adrenalin, wanda ke tsuke ƙananan jijiyoyin wurin. Ta ce in riƙe wannan a raina, domin in ya sake bayan 'yan awoyi jijiyoyin za su buɗe, kuma a lokacin ne mutane ke firgita. Leɓena ya yi nauyi, rabin harshena ya zama ba nawa ba.

Cirewar kanta ba ta da wani dogon labari. Ba zafi, sai dannawa da wani ƙara da kake ji a cikin ƙashin kanka. Saboda lanƙwasasshiyar saiwar nan ba ta yi kokawa da shi ba, ta raba haƙorin biyu da injin, ta zaro kowane ɓari daban. Ta ce duk abin da zai yaga dasashi ko ya fasa ƙashi, jini ne za a biya da shi daga baya.

Abin da ya biyo baya shi ya fi cin lokaci, kuma shi ne bambancina da sauran mutane. Ta share ramin tas, ta kankare ruɓaɓɓen naman da ke ƙasansa, domin irin wannan nama shi ya fi tsiyayar da jini. Sista ta miƙo mata wani ɗan farin abu mai laushi, ta yanka daidai ramin ta cusa. Ana ce masa Surgicel. Yana haɗuwa da jini sai ya yi baƙi ya kumbura, ya zama madogarar da guda zai kafu a kai, kuma ba a cire shi, jiki ne ke shanye shi. A kansa ta yi ɗinki, ta ja gefe da gefen dasashi ta ɗaure da baƙin zare. Sannan sista ta fasa wuyan wata 'yar kwalbar allura, ta zuba ruwan a kan naɗaɗɗen ƙyallen auduga har ya jiƙe, aka ɗora mini a kan ramin aka ce in cije.

Ruwan nan shi ne tranexamic acid. Bakin mutum yana da sinadarin da ke narkar da gudan jini, kuma yawu ba ya barin wurin ya huta. Wannan magani shi ke hana narkewar, a nan inda aka sa shi, ba tare da ya warware aikin warfarin a sauran jiki ba. Wasu ma'aurata 'yan Japan, Utako da Shosuke Okamoto, suka samar da shi a 1962. Ungozomomin asibiti da yawa sun san shi, domin shi ne aka gwada a kan mata fiye da 20,000 masu zubar jini bayan haihuwa a ƙasashe 21, har da Najeriya, aka fitar da sakamakon a 2017. A wasu ƙasashen ana haɗa shi a matsayin ruwan wanke baki. Inda babu, da na allurar ake jiƙa auduga, yadda aka yi mini.

Minti talatin na yi a zaune da audugar a baki, an hana ni magana, an hana ni leƙawa. Da lokaci ya cika ta ɗaga ta haska fitila, ta jira, ta sake dubawa. Sai da ta ga wurin ya tsaya cik ta sallame ni, da ƙunshin auduga mai tsabta a leda da lambar wayar ɗakin gaggawa. Dokokin da ta kafa mini na yini da kwana guda ne: ba kurkurar baki, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba zuƙar abu da tsinke, ba abu mai zafi, ba taɓa wurin da harshe ko yatsa, ba aikin ƙarfi. Warfarin kuma in sha da daddare yadda na saba.

Maganar kurkura ce ta tsaya mini, saboda azahar na tafe. Ban sha wahalar samun amsa ba, tunda a karatun da muka yi tun muna yara kurkurar baki sunna ce a alwala, ba farilla ba. Na yi alwalata na tsallake ta. Asuwaki ma na ajiye shi. Sujada ce na ɗan ji jini yana bugawa a wurin, don haka ban tsawaita ba.

A gida uwargida ta dama kunu ta bar shi ya huce sarai. Na aiki yarona kemis ya sayo farasitamol, sai ga shi da ƙulli biyu. Mai kemis ya ji an ce cire haƙori aka yi, ya ƙara masa da abin da ya saba haɗa wa kowa: diclofenac saboda zafi, Flagyl saboda kada wurin ya ruɓe. Na san da kyakkyawar niyya ya yi, amma a ganina wannan ƙullin ya fi filayar likita haɗari ga irina. Diclofenac da ibuprofen da Felvin da asfirin duk suna ƙara zubar jini, suna kuma iya ƙwarzane ciki ya yi jini. Flagyl kuwa yana hana hanta sarrafa warfarin, sai maganin ya taru a jiki, INR ya haura cikin 'yan kwanaki ba ka sani ba. Haka erythromycin, haka fluconazole, haka man miconazole da ake shafawa a baki. Likitar ta riga ta ja mini kunne a kansu, ita ma ba ta rubuta mini maganin kashe ƙwayoyin cuta ba don ta ce ramin ba ya buƙata. Na ce yaron ya mayar, ya ce wa mai kemis an gode.

Wajen la'asar allura ta sake, zafi ya zo daidai misali, yawuna ya koma ja-ja. Wannan an gaya mini ba komai ba ne. Jini kaɗan in ya gauraya da yawu sai ya cika ido. Na sha maganina bayan isha'i, na tara matashi biyu, uwargida ta shimfiɗa tsohon tawul a kai.

Cikin dare ɗanɗanon gishiri ya tashe ni. Ba wuta. Uwargida ta haska fitilar waya a bakina, na ji ta ja salati.

"Malam, tashi mu tafi asibiti. Wani abu ne ya fito a wurin."

Na karɓi madubi na duba. A kan ɗinkin akwai wani gudan jini baƙi-baƙi mai santsi, kamar yankan hanta, ya taso har ya rufe haƙorin da ke kusa, jini kuma na tsatsowa ta ƙarƙashinsa. Ba don an kwatanta mini shi da rana ba, da ni ma na ruɗe. Irin wannan guda ba ya toshe komai. A waje yake lilo, kuma muddin yana nan, duk abin da ka cije a kansa kake cizawa, danniyar ba ta isa ramin. Na wanke hannu, na sa auduga mai tsabta na share shi a hankali ba tare da na taɓa cikin ramin ba. Na naɗe wata audugar ta yi kauri, na ɗan jiƙa ta da ruwa don kada ta manne ta fizgo gudan kirki in an zo cirewa, na saita ta daidai kan ramin, ba kan haƙoran gefe ba, na cije da ƙarfi. Na zauna a miƙe, na ce ta duba agogo.

A nan ne haƙuri ke ƙarewa. Minti biyar sai ka ji kamar an yi awa, zuciya na ce maka ɗaga ka gani. Duk ɗagawa kuwa komawa farko ce. Uwargida ta zauna gefena da mayafinta a kafaɗa da makullin gida a hannu, ta riga ta tashi maƙwabcinmu mai mota a waya. Sharaɗin da likita ta ba ni a fili yake: in na danne minti talatin sau biyu bai tsaya ba, ko baki na cika da jini, ko na ga kumburi a ƙarƙashin harshe ko wuya, ko haɗiya da numfashi sun yi wuya, ko jiri ya kama ni, to ba jiran safiya. A asibiti suna da abin da ba ni da shi, su sake ɗinki, su auna INR, in ya haura su ba da bitamin K.

Da minti talatin ta cika na cire. Tsakiyar audugar ya yi ja, gefenta fari, tsatsowar ta ragu amma ba ta ɗauke ba. A zagaye na biyu na yi abin da sista ta faɗa mini a bakin ƙofa: na jiƙa ƙullin ganyen shayi na Lipton da ruwan sanyi, na matse, na naɗe shi a auduga na cije. Baƙin shayi yana da sinadarin nan mai ɗaure baki, yana taimaka wa ƙananan jijiyoyi su tsuke. Ko shayin ne, ko danniyar ce ta cika aikinta, da aka sake haskawa wurin ya bushe, zaren na nan daram. Aka ba maƙwabci haƙuri ya koma barci. Ni dai a zaune na ƙarasa daren, cikina na ɗan tashi saboda jinin da na haɗiya.

Da safe na koma asibitin duk da haka. Likitar ta duba ta ce gudan da ke cikin ramin lafiya lau yake, ta sake ɗora mini audugar tranexamic na ɗan lokaci, ta ce daga yanzu in fara wanke baki da ruwan ɗumi da gishiri bayan kowane abinci. Ba kurkurar ƙarfi ba: in guntsa, in karkata kai, in buɗe baki ya zubo da kansa. In gudan ya fita kafin lokacinsa ƙashi ne zai zauna a buɗe, kuma zafin da ke biyo baya a kwana na uku ko na huɗu ya fi na haƙorin da aka cire.

Akwai wani abu da bai zo mini a rai ba sai da likitan zuciya ya sa a sake gwaji a ƙarshen makon. INR ɗina ya tashi zuwa 3.1. Ba wani magani na sha ba, abinci ne ya canza. A gidanmu miyar kuka da alayyafo da kwaɗon zogale ba sa yankewa, ganye kuwa shi ne gidan bitamin K, kuma a kan wannan cin aka daidaita mini yawan maganin. Da na koma kunu da fura da shayi mai sanyi, ga cin ma ya ragu, sai maganin ya yi rinjaye. Bai canza mini komai ba, ya ce in koma tuwo da miyata da zarar zan iya, ko da ta gefe ɗaya ne, a sake aunawa.

Bayan mako guda aka cire zaren, abin da bai ɗauki minti biyu ba, ko ɗigon jini babu. Likitar ta leƙa turmin saman nan ta ƙwanƙwasa shi da bayan ƙarfe, ta ce wannan bai kai ga cirewa ba, ciko zai riƙe shi in ban sake kai shi watanni ina yi masa kanumfari ba. Ta kuma rubuta a wanke mini haƙora, domin dasashin da ya kumbura da datti shi ke sa mai shan warfarin ganin jini a buroshi kowace safiya. Shi ma wankin ta ce in zo da sabon sakamakon INR, ranar Litinin ko Talata, kafin ƙarfe tara.